Kwalaye Biyar na Baba Ticha

"Ba nan ba, 'yata," in ji Baba Ticha daga kan katifa. "Jemage ba tsuntsu ba ne. Yana tashi, amma nono yake ba ɗansa. Sa shi cikin masu shayarwa."

Na ɗauki ƙasusuwan jemagen da bakin zanina na mayar cikin kwalin da ya ce. Kwana uku ƙofarsa na rufe, muna jin tarinsa har tsakar gidan hayarmu, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ni ma tarin ne ya ishe ni na shiga.

Kwalaye biyar ne jere a gindin bango, kowanne da rubutu: kifaye, tsuntsaye, masu shayarwa, masu jan ciki, masu zaman ruwa da tudu. Shekara talatin ya yi yana koyar da kimiyya, yana tsinto ƙasusuwa da ragowar dabbobi yana tarawa a cikinsu.

Ya nuna kwali na huɗu. "Wannan saɓar maciji ce, tana tare da ƙoƙon kunkuru. Duk masu ɓawo ne, jininsu mai sanyi."

Na san saɓar nan sarai. Ita na hango bara ta labulensa, da kwaɗo a kwalba da gashin mujiya, na garzaya bakin famfo na ce wa mata, "Tsohon nan boka ne, da idona na gani." Ni dai bakina ba ya riƙe ruwa. Kafin sati aka hana yara shiga ɗakinsa, kwanon abincin da ake aika masa ya daina zuwa.

"Yaran gidan nan sun daina leƙo ni," ya ce. "Ko na yi musu laifi ne?"

Kunya ta rufe ni.

"Karatu ne ya yi musu yawa, Baba."

"To, madalla. In ta Allah ta kasance, ki kai kwalayen makarantar bayan layi. Kar a cakuɗa su."

Na dama masa kunu, ya sha cokali biyu. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan kwana bakwai na ɗora kwalayen a baro na tura har ofishin shugabar makarantar. Ta buɗe na farko, ta yi baya da kujerarta.

"Kayan bokan nan ne? Kwashe su, baiwar Allah!"

"Wallahi ba boka ba ne, malami ne."

"Maƙwabciyarsa ce fa ta gani da idonta."

Magana zarar bunu. Ni ce maƙwabciyar, amma ban faɗa mata ba; na mayar da kwalayen cikin baro na juya.

A hanyar dawowa baron ya faɗa rami, kwalaye biyu suka kife. Na durƙusa a bakin titi ina tsincewa. Wani ɗan siririn ƙashi ya rage a tafina, ina duba rubutun kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ban san inda zan sa shi ba.