Zanen Mashi Golapi a Bayan Gilashi

"Matso da wayar mana, ba ta gani!" Morjina ta daka masa tsawa.

Tana durƙushe a gefen gadon maƙwabciyarta, Mashi Golapi, ta tallabe kan tsohuwar da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya. A cikin wayar, ta bidiyo, Tonmoy ne, ɗan birnin Kolkata na Indiya da ya shekara yana zarya gidan nan, yana cin shinkafa da kifin Mashi, yana ɗaukar hotunan zane-zanen da take yi da fenti. Da ya samu gurbin bincike a wani gidan tarihi na Ingila, sai ya ari dogon zanenta na Manasa, uwar macizai, wai zai gwada shi da tsofaffin zane-zanen da ke can, ya dawo da shi kafin damina. Damina ta zo ta wuce.

A garin su Mashi naɗe irin wannan zane ake yi kamar tabarma. Mai shi na warwarewa tana rera labarin, hoto bayan hoto. Waƙar Manasa kaɗai ce Mashi ba ta gama koya wa Morjina ba, ga shi ƙarshenta ya ɓace mata tun da ciwo ya kayar da ita. Ta ce in aka warware zanen a gabanta zai dawo.

"Ga shi, Mashi," in ji Tonmoy. "Har sunanki an rubuta a ƙasa."

Zanen na miƙe gaba ɗayansa a bayan gilashi.

"Wa ya shanya shi haka kamar wanki?" Mashi ta ce da ƙyar. "Naɗe shi, ɗana. Ka buɗe mini kaɗan-kaɗan."

"Ba a taɓawa, Mashi. Fentin zai tsage. Sai an nemi izini, mai makullin kuma sai Litinin."

"Litinin?" Morjina, wadda ko a kasuwa ba a jin muryarta, ta ɗaga murya. "Dube ta da kyau! Ta yi maka kama da mai kaiwa Litinin? Tun kafin a haife ka take naɗe shi, a ruwa a rana, bai tsage ba sai da ya ga Turawa?"

"Yaya, ba ni na kafa dokar ba."

"Kai ka ɗauke shi, marar kunya!"

Ya matsa kusa da zanen. Sai ya soma bin gilashin da wayar, daga sama zuwa ƙasa, a hankali. Mashi ta ja waƙar, muryarta siririya. Ta wuce ɗakin amarya, ta wuce inda maciji ya sari ango, ta kai wurin da gawarsa ke kan kwalekwale. Nan ta tsaya, ta ƙura ido, fuskar Tonmoy da gilashin ke maidowa ta rufe hoton.

"Fuskarka kawai nake gani, yaro," ta ce.

Ba ta ƙara rerawa ba. Ta cika washegari da hantsi.

Bayan an kai ta, Morjina ta kwashe ɓawon kwakwar da Mashi ke dama fenti a ciki, ta kai bakin tafki. Wayar na ta ruri a cikin gida. Morjina ta tsoma ɓawon farko, rawayan kurkum ya bazu a kan ruwa, agwagi suka ratsa ta cikinsa.