Kunnuwan Ƙarin Aku

Aku suke kiranta a gida, saboda tun da ta iya magana ba ta bar kowa ya huta ba. Shekararta bakwai lokacin da ta fara amai kullum da safe, tana tafiya tana tangaɗi. Ranar da ta wuni shiru da kanta a cinyar uwarta, babanta ya rufe shagonsa na gyaran rediyo da rana tsaka, ya saɓe ta sai asibiti. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙari a bayan ƙwaƙwalwa.

Aka yi tiyata aka cire, aka tura guntun ƙarin ɗakin gwaje-gwaje. Kwana goma sha ɗaya suna jira. Uban ya haddace tayil ɗin barandar asibitin, har ya san wanda ya fashe kusa da famfo.

Da likitar ta kira su ofishinta, ya kasa zama sai da matarsa ta ja masa riga.

"Baban Aku, kai mai gyaran rediyo ne ko?" in ji likitar. "To, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da wasu 'yan kunnuwa da suke kama saƙo daga junansu, kamar eriya. Mun duba ƙwayoyin gadon da ke ƙera kunnuwan nan a cikin ƙarin 'yarka, muka tarar suna aiki sosai."

"Likita, alheri ne ko akasin haka? Ki faɗa mini kai tsaye."

"A yaran da muka bi, masu irin wannan sun fi samun sauƙi. Ba alkawari nake maka ba. Amma tare da sauran gwaje-gwajen, ba sai mun gasa mata kai da hasken kashe ƙari da yawa ba."

Matarsa ta rufe fuska da hannu biyu. Shi kuwa ya tambayi yadda aka yi suka sani. Likitar ta ce yara fiye da ɗari biyu ne iyayensu suka yarda a ajiye guntun ƙarinsu don bincike, aka yi shekaru ana bin labarinsu. Da yawansu ba su rayu ba.

Maganar nan ta tsaya masa a rai. Washegari ya yi ta tambaya har aka nuna masa ɗakin gwajin, can ƙasan bene, bayan wurin wanki. Ya sami wani dattijo mai furfura da farar riga yana liƙa lambobi a jikin ƙananan kwalabe.

"Malam, ka ɓata hanya. Wurin karɓar magani yana sama."

"Wurinka na zo, Baba. Kai ka duba na 'yata."

Ya faɗi ranar tiyatar. Dattijon ya ɗan yi tunani, ya ce, "Lamba ta ɗari biyu da sittin da huɗu. Ashe mace ce?" Ya cire safar hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. "Shekara goma sha huɗu ina ɗakin nan, kai ne uba na farko da ya sauko."

Uban ya kalli babban firjin da ke ruri a kusurwa. "Guntayen ƙarin yaran, a nan suke?"

"A nan suke."

Ya so ya nemi sunayen iyayen, amma dattijon ya ce shi ma lamba kawai ya sani. Sai uban ya dafa ƙofar firjin, sanyi ya ratsa tafinsa, ya ce Allah ya saka musu da alheri duk inda suke. Dattijon ya amsa da amin, ya juya yana gyara kwalaben da babu abin da ya same su.

Wata takwas aka yi ana magani. Gashin Aku ya zube, ta rame, akwai satin da ko ruwa ba ya zama a cikinta. Amma hoto na uku ya fito fes, na huɗu ma haka, likitar ta ce sai bayan wata shida.

Da suka fito bakin titi jiran mota, yarinyar ta hango mai tallar tabarau ta kafe sai an saya mata ja. Uwar ta ce a'a, na roba ne, kwana biyu zai karye. Uban ya sayi guda biyu, ya ba ta ɗaya, ya ƙwama ɗayan a fuskarsa duk da ya yi masa kaɗan.

"Ku dai ba ku da kunya," in ji matarsa, tana dariya tana tsayar da mota.