Sunan da Barira Ba Ta Kira

Ana ta shirin ɗaura auren Zara'u da Hashim a Urafane, sai Barira, uwar ango, ta kafe cewa ba ta yarda ba, ta kuma ƙi faɗin dalili. Baffannin Hashim suka ce rigimar tsufa ce, aure ba fashi. Mutanen gari kuwa, da ba a raba su da tsegumi, suka ce ai dalili a fili yake: marigayi Sanda, uban Zara'u, ba wanda ya san wa ya haife shi. An dai san a Tchaké ya tashi, a hannun riƙo.

Maganar ta ƙona ran Zara'u. Ta hau kabu-kabu ta nufi Tchaké don ta samo asalin ubanta ta rufe bakin kowa. Tun a hanya take tsoron a ce mata uban nata ɗan bayi ne, Hashim ya gagare ta.

A can ta sami Tanna, ɗiyar matar da ta riƙe Sanda. Tsohuwa ce tukuf, amma bakinta garau.

"Shekarar yunwa anka kawo shi, ko yaye ba a yi ba," in ji Tanna. "Wata yarinya 'yar garin Koona ta haihe shi ba aure, iyayenta sunka ɓoye zancen. Duk kaka takan zo da ƙullin wake. In ya shigo sai ta juya baya, ko sunanshi ba ta kira. Kin san kunyar ɗan fari."

"Mi sunanta, Gwaggo?"

"Na mance. Amma tana da tabon ƙuna a hannun hagu, daga wuyan hannu har gwiwa. Daga baya munka ji an kai ta aure Urafane."

Zara'u ta san wannan hannun, na Barira ne, shi ke miƙo mata fura ranar kasuwa tun tana ƙarama, da gyara mai yawa. Ta tuna yadda Barira ke sunkuyar da kai duk lokacin da babanta ya ratsa rumfar furarta, da kukan da ta yi ranar rasuwarsa har aka riƙa cewa baiwar Allah ce mai tausayi. Tsoro ya kama ta. Duk hanyar dawowa addu'a ɗaya take yi, Allah ya sa masu tabon ƙuna biyu ne a Urafane.

Ba ta biya gida ba. Ta ajiye kunyar surukuta ta shiga gidan su Hashim, ta tarar da Barira tana ɓarar wake. Ta durƙusa.

"Inna, ki gafarce ni. Abu guda nike roƙo. Ki kira sunan babana."

Idan ta kira, shi ke nan, Tanna wata take nufi. Zara'u ta zuba wa bakin tsohuwar ido. Barira ta buɗe baki ta rufe, ta ja gyale ta lulluɓe hannun hagu, hawaye na zuba cikin faifan waken.

"Ke ɗiyar nan," ta ce a hankali, "wace uwa kika taɓa ji ta kira sunan ɗan fari?"

Daidai nan Hashim ya yi sallama daga zaure, muryarsa cike da murna, yana cewa Inna ta zo ta ga kayan lefe. Zara'u ta rufe fuska da tafukanta, don ba ta san da wane ido za ta dubi baffanta ba.