Wainar Anti Celina

Hadijatu ba ta gama yin fakin ba ta hango abin da Eric ya kira ta a kansa. A bakin cocin da aka mayar rumfar zaɓe, an buɗe bayan wata tsohuwar mota, tururi na tashi daga manyan kuloli. Anti Celina ce tsaye da ludayi, ta sha atamfa mai hoton fuskar Hadijatu, tana zuba wa mutanen layi waina da miyar taushe.

"Ku ci, ku ci!" take cewa, da Hausa da Turancinta. "In kun shiga, ku dangwala wa 'yata!"

Innalillahi. A gida wannan ai karamci ne, wa zai tsaya zaɓe ya bar mutane da yunwa a layi? Amma nan Greensboro ce, ƙasar Turawa. A nan, ka miƙa wa mutum ko alewa ka ce ya zaɓi wane, sayen ƙuri'a ake kiransa, maganar kuma kotu take zuwa. Shekaru Hadijatu ta yi tana raba wa 'yan gudun hijira shinkafa da barguna kafin ta zama mace ta farko a cikin mutanenmu da ta fito neman kujerar kansila. Ga shi yau waina na neman rusa komai.

Eric, mai kula da kamfe ɗinta, ya tare ta tun kafin ta rufe ƙofar mota. Gumi yake yi duk da sanyin safiyar.

"Hajiya, kin ga mai gilashin can? Na ɓangaren abokin takararki ne. Tun ɗazu yake ɗaukar bidiyo."

"Ba ka hana ta ba?"

"Ni? Na yi magana, ta ce in rufe mata baki, ita ta yi mini wanka ina jariri." Ya rage murya. "Hanya ɗaya ce. In ya tambaye ki, ki ce ba ki san ta ba. Magoya baya ne suka yi gaban kansu. Gobe sai ki je ki ba ta haƙuri."

Ba ta san ta ba! Matar da ta ɗauko ta daga filin jirgi tana ɗaliba, da akwati ɗaya da silifa a tsakiyar hunturu. 'Yar Kafanchan, mawaƙiya a cocinsu, amma duk azumi ita ke riga Hadijatu tashi ta ɗumama mata tuwon sahur kafin ta wuce aikin asibiti. Hadijatu ta ji tsoro, ta ji haushi, ta kuma ji kunyar yadda shawarar Eric ta kwanta mata a rai.

Ta nufi motar wainar. Anti Celina na ganinta ta saki guɗa.

"Ga ta nan! Ga kansila! Zo ki ɗanɗana, tun jiya na jiƙa shinkafar."

"Anti, rufe kular."

"Wai me? Mutanen baya ba su samu ba."

"Don girman Allah, Anti, ki rufe."

Mai gilashin ya riga ya matso, wayarsa a sama. Cikin ladabin nan nasu mai sanyi ya ambaci cikakken sunan Hadijatu, ya tambaye ta da Turanci ko ta san wannan matar, ko kuma da saninta ake ba masu zaɓe abinci da sunanta. Wata tsohuwa ta ajiye robarta a ƙasa a hankali.

Anti Celina ta dubi wayar, ta dubi robar, ta dubi Eric da ke girgiza wa Hadijatu kai. Sai a lokacin murmushin ya bar fuskarta, ludayin na ɗigar da miya a kan takalminta.

Hadijatu ta fuskanci wayar sosai.

"Uwata ce," ta ce da Turanci. "Abin da ta yi kuskure ne, an kuma daina yanzu. Ni ya kamata in faɗa mata dokar, ban faɗa ba. Zan shiga in sanar da jami'in zaɓe da kaina."

Eric ya dafe kai, ya juya baya. Mai gilashin ya yi godiya, ya koma gefe yana danne-danne, ko ina yake turawa, oho.

Hadijatu ta karɓi ludayin, ta rufe kulolin da hannunta. Anti Celina ta kama bakin zanenta tana murzawa.

"Hadijatu," ta ce da wata 'yar murya da ba a san ta da ita ba. "Na kashe ki, ko?"

"Ban sani ba tukuna, Anti."

"Wallahi alheri na nufa."

"Na sani." Hadijatu ta cire rigar sanyinta, ta yafa mata a kafaɗa. "Kin yi zaɓe?"

Ta girgiza kai.

"To je ki bi layi. Ni zan shiga ta ɗaya ƙofar, wajen jami'in zaɓe."