Hirar Wurin Caji

Tun rasuwar mahaifinsu, Babba ne ke kai Umma asibitin ƙashi da ke garin gaba, duk ƙarshen wata, a duba mata gwiwa. Shi ne ɗan fari, ɗan kwangilar gini ne, kuma yana da ƙatuwar mota mai shan mai kamar raƙumi. Abin alfaharinsa shi ne bai taɓa tsayawa a hanya ba. Zai ɗauko Umma da sassafe, waya na maƙale a kunnensa yana faɗa da birkila ko mai kawo yashi, kafin ta gama lazimi sun iso ƙofar asibiti.

Ranar da Auta, ƙanwarsu ta ƙarshe mai aikin haɗa magani, ta shigo gidan Umma da sabuwar ƙaramar jif mai aiki da lantarki, Babba ya zagaya motar hannuwansa a baya. Ya leƙa ƙasa bai ga salansa ba.

"Wannan mota ce ko wayar hannu?" ya ce. "In cajinta ya ƙare a daji, sai ki ɗaga ta sama ki nemi sabis?"

"Yaya ke nan. Tana kai ni aiki sati guda ban jona ta ba."

"Cikin gari. Ki hau babban titi da ita ki gani."

Bai san bakinsa ya kira ba. Wata na gaba ranar asibiti ta faɗo daidai da ranar da zai zuba kankaren rufi a wani bene, aikin da ba a barin sa a hannun yara. Dole ya ce Auta ta kai Umma. Da suka dawo har rana ta yi sanyi, ya tambayi abin da ya tsayar da su. Auta ta ce motar ba za ta je ta dawo da caji ɗaya ba, sai da suka tsaya a wani wurin caji da ke tsakiyar hanya, a tafiya da kuma a dawowa.

"Kin ga abin da nake faɗa," ya ce. "Kin wahalar da tsohuwa a banza."

Umma dai tana ta shafa man zafi a gwiwa. Amma da wani watan ya zagayo ya kira ta ya ce ta shirya da wuri, sai ta ce, "Bar shi, Babba, ka yi aikinka. Auta za ta kai ni."

Ya ɗauka tausayinsa take ji. Da aka sake, aka kuma sakewa, sai abin ya fara yi masa ƙaiƙayi.

Wata ranar hutu suna zaune duka a falon Umma, jikoki na guje-guje, ƙaramin ɗan Babba ya faɗo daga kekensa ya shigo yana kuka. Auta ta ɗaga shi tana kakkaɓe masa gwiwa.

"Yi shiru. Kakarka ma sai da ta faɗa cikin kwata kafin ta iya keke."

Babba ya ajiye kofin shayi. "Wace kakar?"

"Umma mana. Ba ka sani ba? Keken yayanta take sacewa tana yarinya. Tabon da ke haɓarta ai na keken ne."

Ya dubi haɓar mahaifiyarsa. Tabon nan ya san shi tun yana tsumma, bai taɓa tunanin yana da labari ba. Umma tana dariya tana rufe baki da gefen mayafi.

"Ina kika ji wannan?"

"Wurin caji," in ji Auta. "Ai in muka jona mota ba abin yi sai hira."

Daga ranar ya fara kasa kunne. Sai ya lura kusan kullum Auta na da wani sabon abu a baki. Wai Baba, marigayi mahaifinsu, ya taɓa koyon ɗinki ya kasa. Wai Umma ta so zama malamar makaranta. Wani lokaci su biyun za su haɗa ido kan wata kalma su fashe da dariya, shi yana zaune kamar baƙon da aka manta da shi. Shi da ya yi wa gidan nan sabon rufi, shi da ya sa tayil a banɗaki don kada Umma ta zame, ga shi yarinyar da ya goya a bayansa ta fi shi sanin uwarsa.

A gida ya yi ta ƙorafi, wai motar lantarki ba ta da tabbas, wata rana za ta bar su a hanya. Matarsa tana ninke kaya ta ce, "Abban yara, ni fa ban ga laifin motar ba. Kishi kake yi."

"Kishi? Da Auta?"

"To da batir ne?"

Ya ja tsaki ya tashi. Amma da Umma ta ce tana so ta je gaida wata ƙawarta a bayan gari, ya yi wuf ya ce shi zai kai ta. Suna tafe ya ratse cikin wani gidan mai, ya kashe mota, ya kifa wayarsa a cinya, ya jingina.

Umma ta dube shi. "Lafiya? Motar ce ta lalace?"

"A'a. Na ce mu ɗan huta."

"Huta me? Yanzu fa muka fito. Tashi mu tafi, warin man nan na hawa mini kai."

Haka ya tayar da mota, kunya ta ishe shi.

Sai ya sake dabara. Ya samu Auta ya ce yana tunanin saya wa matarsa irin motarta, yana so ya gwada ta a doguwar hanya, don haka ranar asibiti mai zuwa shi zai kai Umma da ita. Auta ta yi murmushi ta miƙa masa makulli. Ta shiga yi masa bayani: lambar da ke kan allo kiyasi ce, ba alkawari ba, in ya taka da ƙarfi ko ya ƙure esi mai sanyaya mota za ta zube da sauri, akwai hawan dutse bayan wurin cajin, don haka ya bari batir ya ɗauka sosai kafin ya cire.

"Auta, tun ba ki iya ɗaura zani ba nake tuƙi."

"Allah ya ba ka haƙuri, Yaya."

Ranar tafiya motar ta ba shi mamaki. Ba ƙara, ba girgiza, yana taɓa ta take zabura. Ya manta da gargaɗi, ya ƙure esi, ya taka ta son ransa, don shi burinsa su isa wurin cajin nan a fara hirar. Umma ta riƙe hannun ƙofa. Lambar kilomitan da suka rage tana sauka fiye da tafiyar da suke yi, ya ga hakan ya ɗauke kai.

Wurin cajin wani fili ne a gefen titi, da injuna biyu a ƙarƙashin rumfar kwano, sai wani ɗan shago mai kujerun roba. Tun kafin Umma ta gama fitowa mai shagon ta taso da gudu.

"Sannu da zuwa, Mama! Ya gwiwar? Ina 'yar taki yau?"

"Tana wurin aiki. Wannan yayanta ne."

"Au, ashe kina da babban ɗa?"

Maganar ta soki Babba har ƙashi. Matar ta jawo wata kujera mai matashi, da alama ta Umma ce ta musamman, ta kawo mata shayi ba tare da ta tambayi yadda take sha ba.

Shi kuwa ya tsaya gaban inji da igiyar caji a hannu. Ya jona, ba abin da ya motsa. Ya cire ya sake jonawa, injin ya yi ƙara ya nuna jan haske. Wani mai tasi da ke jiran layi ya fara kallonsa. Ba yadda zai yi, ya kira Auta. Ta ce ya kashe motar tukuna, ya tura kan igiyar har sai ya ji ƙas, sannan ya danna maɓallin fara caji a waya. Hasken ya koma kore.

"Auta ce?" in ji Umma daga rumfa. "Ba ni ita."

Ya miƙa mata. Ya jawo kujera ya zauna kusa, yana jiran ta gama. Umma ta gyara zama, ta ba Auta labarin mai shago da ta aurar da ƙanwarta, ta tambaye ta ko ta ci abinci, suka koma kan wata maƙwabciya. Shayinsa ya huce. Yana kallon lambar batir tana hawa a hankali, hirar da ya yi wannan doguwar dabara dominta tana tafiya a wayarsa, da kuɗin katinsa, zuwa kunnen Auta.

Da ta kashe ta miƙo masa, ya kasa haɗiyewa.

"Umma, ni ban isa ki yi hira da ni ba ne?"

Ta dube shi ta saman kofi. "Wace irin magana ce wannan?"

"Komai Auta. Labarin keke Auta, labarin Baba Auta. Shekara nawa ina kai ki asibitin nan, ko sau ɗaya ba ki taɓa gaya mini komai ba."

"Kai ai ba a yi maka hira, Babba. In na ce gwiwa na ciwo, ka ce a canza likita. In na ce na tuna babanku, ka ce za ka sa a yi masa sadaka. Kafin in rufe baki ka riga ka kira wani a waya. Ita kuwa sai ta ce, sai aka yi yaya?"

Ya miƙe. "Mu tafi, za mu makara."

"Ai bai cika ba. Auta takan bari sai..."

"Ya isa."

Ya cire igiyar ya maƙala ta da ƙarfi. Suka kama hanyar asibiti. Hawan dutsen ya cinye abin da ya cinye. Likita ya duba gwiwa, ya ce ana samun sauƙi, suka fito.

Sai da ya kunna motar a harabar asibiti ya ga aikin da ya yi wa kansa. Kilomitan da allo ya nuna da kyar suka ɗara nisan da ke tsakaninsu da wurin cajin. Ya tambayi mai gadi ko akwai wurin caji a garin, ya ce akwai ɗaya amma an rufe shi ana gyara. Ya ɗauko waya zai kira Auta, ya mayar da ita aljihu.

Ya kashe esi, ya sauke gilasai, ya hau titi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Manyan motoci na danna masa ham suna wucewa. Wani mai babur ɗauke da buhuna ya wuce su har yana waiwaye. Gumi ya jiƙa masa riga. A gangaren dutsen ya ga lambar ta ɗan ƙaru, ya tuna Auta ta ce motar na mayar da caji in ana sauka, ya ji haushin cewa ta yi gaskiya.

Umma kuwa iskar ta yi mata daɗi. Ta zame mayafi kaɗan, ta fara magana, wani abu game da gidan da suka fara zama da Baba, mai ɗaki ɗaya, da wata bishiya a tsakar gida. Babba na cewa "uhm" idonsa na kan allo. Sai da ta yi dariya ya farga labari ne take ba shi, kuma rabinsa ya wuce shi.

"Me ya faru da bishiyar? Ban ji ba."

"Ka tambayi Auta, ta san shi."

Ya cije leɓe. Allon ya fara nuna gargaɗi, motar ta rage ƙarfi da kanta. Da rumfar kwanon ta bayyana daga nesa, ya yi hamdala a fili. Suka gangara ciki batir na kan kashi uku cikin ɗari.

Wannan karon ya jona daidai. Ya zauna a kujerar roba, ya shanye ruwan da mai shago ta kawo. Inji ya nuna za a daɗe. Ya kashe wayarsa gaba ɗaya ya ajiye a kan tebur.

"Umma, akwai labarin da ba ki gaya wa Auta ba?"

Ta daɗe tana juya cokali a kofi. "Akwai."

"Sai aka yi yaya?" ya ce, kalmomin na yi masa nauyi a baki.

Ta yi dariya har da tari. "Ai ban fara ba tukuna." Ta goge ido. "Lokacin da na haife ka, babanku kishi ya yi da kai. Wallahi. Zai dawo daga aiki ya yi sallama, ni ina can ina kallon fuskarka ban ji ba. Ya yi ta kumbure-kumbure, ya ƙi cin abinci. Ran nan na ce, Malam lafiya? Ya ce, ni ma fa ɗan wata uwa ne, ni ma an taɓa kallona haka. Na ajiye ka a gado na zauna na zuba masa ido, na ce to ga shi ina kallonka. Bai jure ba ya fashe da dariya. Daga ranar shi ke ɗaukarka in ya dawo, ni in samu in ci abinci."

Babba ya yi ta tambaya. Wane irin gado? Baba yana da gemu a lokacin? Umma na amsawa, tana ƙarawa. Batir ya wuce inda ake buƙata bai tashi ba, sai da mai wata motar ya zo ya roƙe shi ya ba shi wuri.

A mota ya ce, "Umma, wannan kada ki gaya mata."

"Kai dai ɗan babanka ne," in ji ta.

Ana kiran magariba suka iso. Auta na tsaye a ƙofar gida, ta taimaka wa Umma ta sauko, sannan ta leƙa cikin motar ta ga gilasai a sauke, ta ga rigar yayanta ta bushe da shatin gumi.

"Yaya, ya hanya? Kun daɗe. Me kuka yi ta tattaunawa haka?"

"Ba komai," ya ce, ya miƙa mata makulli. "Wata mai zuwa ma ni zan kai ta. Ki cika mini ita tun dare."