Tukunyar Sabulun da Haladu Ya Kankare

Haladu Dogo ya fi shekara ashirin yana ganin matarsa Lauratu tana dafa sabulun salo, amma bai taɓa tsayawa ya ga yadda take yi da kayan aikin ba idan ta gama. Ya san hayaƙin, ya san warin kitse da ke cika gida, ya san baƙaƙen cure-curen da take jerawa a kan faifai. Iyakar saninsa ke nan. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, da rani kuma yakan kora awakin mutane zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis. 'Ya'yansu mata biyu duk sun yi aure, gidan daga shi sai ita.

A ranin da ya biyo bayan wani babban fari, wata Talata da hantsi, Lauratu ta sauke sabulu ta gama curawa ke nan sai ga yayanta a kan keke daga Gagarawa Tasha. Ya ce ƙanwarsu Maijidda tana kan gwiwa tun jiya, kuma ba wanda take kira sai ita. Lauratu ta faɗa ɗaki ta ƙulle tufafi a ɗankwali. Tana yafa mayafi tana yi wa mijinta bayanin kayan da ke tsakar gida, tana nuna wannan tana nuna wancan. Shi kuwa hankalinsa yana kan ɗaure ƙunshin a keke da tambayar surukinsa jikin Maijidda, sai dai ya ce, "To. To, na ji."

Sai da suka ɓace a bayan rumbuna sannan ya dawo ya tsaya a kan kayan. Tukwanen ƙasa biyu ne, ɗaya mai faɗin baki, ɗaya mai wuya, duk sun yi baƙi ƙirin. Ga muciya da sabulu ya daskare mata har rabi, ga ludayi, ga tsohuwar ƙwarya mai huje-huje da ake tace ruwan toka a ciki. Ya lalubi maganar Lauratu a ransa, ya tarar guntaye huɗu kawai suka rage. Kada kayan su kwana haka. Ɗaya a ɗauraye kawai, kada a kankare. Ruwan farko kada a zubar. Ta Goggo a kai mata yau.

Wace ce ɗayar? Ya dubi mai faɗin baki, ya dubi mai wuya. Ya tuna hannun Lauratu yana nuni, amma lokacin shi yana duƙe a gindin keke.

Ya ɗauki tulu ya nufi rijiya. A shekarar nan ruwa ya yi nisa, sai ka ja igiya kafaɗa ta gaji kafin guga ya leƙo. Tulu biyu ya samu. Ya ɗora ruwa a murhu, da ya yi zafi ya zuba a tukunya mai wuya ya sa soso. Nan da nan kumfa ta taso har baki. Ya juye ya ƙara ruwa, kumfa ta sake tasowa kamar ba a yi komai ba. Har ya miƙa hannu zai ɗauki curin sabulu a faifai don ya taimaka, sai ya tsaya. Sabulu yake so ya fitar, kuma sabulu zai ƙara? To, da me ake wanke sabulu? Ya daɗe a tsugune yana juya wannan a ransa.

Maganar ruwan farko ta fi damunsa. Na farkon kowace tukunya take nufi, ko na tulun farko, ko wanda ya ɗiga daga ƙwaryar toka? Da ya rasa, sai ya yanke shawarar kada ya zubar da ko ɗaya. Ya cika daro, ya cika ƙwaryar awo, ya shiga ɗaki ya ɗauko kwanonin sha. Kafin azahar tsakar gida ta cika da mazubai, kowanne da ruwa fari-fari a ciki, kayan wankin sun ninka na safe sau uku. Yatsunsa sun yi santsi suna zogi, don ya tsoma hannu a ragowar ruwan toka bai san yana ci ba.

Bayan ya yi salla ya jawo mai faɗin baki. A gindinta akwai ƙanzo mai kauri, baƙi, mai tauri kamar dutse. Ya yi tunani cewa wadda aka ce a ɗauraye kawai ai mai ɗan dauɗa ce, wannan kuwa ko makaho ya shafa ya san tana son aiki. Ya sami sakaina da yashi ya duƙufa. Ƙanzon ya riƙa ɓantarewa, jan yumɓu ya fara bayyana, har ya ji daɗi a ransa. Ya zuba ruwa zai ɗauraye, sai ya ji sanyi a ƙafarsa. Ya ɗaga tukunyar sama. Wani siririn layi ya ratsa gindinta, ruwa yana tsattsafowa ta nan.

Ya ajiye ta a hankali ya zauna a kan turmi. Idan ta Goggo ce fa? Goggo Hajjo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta koya wa rabin matan ƙauyen dafa sabulu, har da Lauratu, kuma ba ta wasa da kayanta.

Da la'asar ya ɗora tukunyar a ka ya bi ta bayan gari don kada mutanen gindin dalbejiya su tambaye shi. Ya tarar da Goggo tana tsince wake. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Goggo, tukunyarki na kawo. Sai dai na yi ɓarna."

Ta karkata kai ta dube ta. "Wannan ba tawa ba ce."

Haladu ya ji sanyi a ransa. Ya koma gida da sauri ya ɗauko mai wuya.

"Wannan ma ba tawa ba ce," in ji Goggo. Ta jawo ta farkon ta shafa gindinta da babban yatsa. "Tsagar nan kuwa na san ta. Shekarar da aka yi maka kaciya ta tsage, a hannuna. Sabulun da ya bushe a ciki shi ke riƙe da ita. Wa ya kankare?"

"Ni ne, Goggo. To ashe taki ce ke nan?"

"Na ce maka ba tawa ba ce, ɗan nan. Da dai tawa ce."

"To me Lauratu ta ara a wurinki?"

"Ni ban ba Lauratu aron komai ba."

Ya sake komawa ya kawo muciya da ƙwaryar toka, ko za ta tuna. Ta ce muciyarta tana ɗaki, ƙwarya kuwa wa zai ari ƙwarya mai huji. Ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta zuba masa dambu, ya ci yana kallon kayan da ya yi sahu uku yana kawowa, waɗanda yanzu sai ya mayar.

Laraba ta wuce bai taɓa komai ba, sai korar kaji daga bakin kwanoni. Ran Alhamis bai je Maigatari ba, don ba ya iya barin ruwan nan babu mai tsaro. Da tafin hannu yake shan ruwa daga tulu.

Ran Juma'a da safe Lauratu ta dawo da labarin Maijidda ta sauka lafiya, an sami mace. Ta yi sallama ta shigo, ta tsaya cik a bakin zaure.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ruwan farko ne."

"Duka?"

"Ban san wanne ba ne."

Ta bi kwanonin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ɗaurayen farko na tukunyar dahuwa kawai take nufi, don shi ne mai ƙarfi, da shi take wankin tufafi. Ya nuna mata tsagar. Ta ɗauki tukunyar ta daɗe tana dubawa, ta ajiye ta a hankali, shi kuma ya gwammace da ta yi faɗa.

Can ya ce, "Ta Goggo kuma, ta ce ba ta ba ki aron komai ba."

Lauratu ta shiga ɗaki ta fito da wata ƙwarya rufe da faifai daga bayan ƙofa. Curin sabulu bakwai ne a ciki. "Ƙwaryar Goggo. Duk dahuwa nakan kai mata rabonta. Ai na nuna maka."

Haladu ya karɓi ƙwaryar ya kai. Goggo ta ƙirga, ta sansana, ta ce tokar ta ɗan yi yawa.

A ranar Lauratu ta kira matan maƙwabta, kowa ta zo da wankinta, aka ƙarar da ruwan kafin azahar. Tukunyar kuwa ta gwada liƙe ta da ɗanyen sabulu, amma a dahuwa ta gaba sai ta riƙa ɗiga cikin wuta, dole aka sauke. Haladu ya sayo sabuwa a Maigatari ya ɗauko ta a kan jaki, yana tafe yana riƙe da ita da hannu ɗaya. Sai da aka yi dahuwa uku kafin ta daina shan mai, sabulun da aka yi a tsakani duk ya fito da laushi, Lauratu ta rabar wa dangi.