Takardar Idrisu Mai Gadi

Shekara ashirin da ɗaya ina suyar ƙosai a bakin wani kamfanin fata a Challawa, kuma ba wanda ya taɓa ci min mutunci irin Idrisu mai gadi. Bara da damina na ɗan matsa da kaskona ƙarƙashin rumfar get, ya zo ya sa ƙafa ya ture min murhu a gaban ma'aikata.

"Kulu, nan ba gidan ubanki ba ne."

Na tsince gawayina.

Shi Idrisu da a kan inji yake. Injin kankare fata ya cinye masa yatsu uku, sai Alhaji mai kamfanin ya mayar da shi get, ya rubuta a fayil ɗinsa kada a sallame shi muddin kamfani na tsaye. Kowa ya san zancen, don Idrisu ba ya gajiya da ba da labarin.

Da Alhaji ya rasu, 'ya'yansa suka ɗauko wani Muhyiddeen daga Na'ibawa ya kwashe takardun ma'aikata ya zuba a kwamfuta. Gwani ne, an ce har shafi gare shi a intanet yana koya wa mutane wannan aiki. Kullum da safe yana tsayawa wurina, ni kuwa ba na barin baƙo ya wuce ban tatse shi ba.

"Ɗan nan, me kake yi wa takardun bayin Allah?"

"Iya, yanka su nake gurbi-gurbi. Gurbin suna, gurbin shekaru, gurbin sashen da mutum yake. In kowane ya zauna a gurbinsa, sai kwamfuta ta fito da shi yadda ake so, ko katin aiki, ko jerin sunaye, ko wasiƙa."

"To abin da bai sami gurbi ba fa?"

Ya busa ƙosai ya ce, "Shara ce, Iya."

Wata biyu aka yi, sai ga wasiƙun sallama sun fito tsaf, iri ɗaya, suna ne kawai ya bambanta. Duk wanda ya wuce shekara hamsin da biyar ya tafi. Idrisu na ciki. Ina jin muryarsa daga bakin titi.

"Ku duba fayil ɗina! Alhaji ya rubuta da hannunsa!"

Muhyiddeen ya juya masa fuskar kwamfuta. Ga suna, ga shekaru, ga "mai gadi". Shi ke nan. Maganar Alhaji a gefen takarda aka rubuta ta, gefen takarda kuwa ba shi da gurbi. Manaja ya ce in ya kawo rubutun kafin Juma'a za a mayar da shi, yana faɗa yana murmushi, don ya san tsofaffin fayil-fayil an riga an zubar da su bayan kamfani.

Wa ya kwashe buhu biyu don ƙunshin ƙosai? Ni.

Aji huɗu na yi a firamare, amma ina haɗa baƙi. Kwana biyu ina tonon buhu, na san wanda aka taɓa kamawa da satar fata, na san wanda ya rage shekarunsa. Sai ga takardar Idrisu. Hoton Idrisu yana saurayi ya ɓalle, saura tabon gam. A gefe, da jan biro: "Kada a sallami wannan mutum har abada. Yatsunsa na wuyanmu." Ga sa hannun Alhaji.

Ranar Alhamis ya zo, ya rame, ya durƙusa a gefen kaskona.

"Hajiya Kulu, barka da aiki."

"Au, yau kuma Hajiya na zama, Malam Idrisu?"

"An ce takardun suna wurinki. Don Allah ki duba min. Ni allo na yi, ba na karanta boko. 'Ya'yana bakwai."

"Wallahi duk abin da yake naka, a hannunka zan sa maka shi. Ka karya kuwa?"

Ya girgiza kai. Na zaro takardar daga ƙasan faranti, na tsamo ƙosai shida daga cikin mai, na zuba a kan jan biron, na barbaɗa yaji, na naɗe, na miƙa masa.

"Ci, sadaka ce."

Ya karɓa da yatsu biyun nan, yana ta sa min albarka. Ya cinye tas a gabana. Ya goge bakinsa da ita, ya goge hannu, ya dunƙule ta ya jefa a kwatar da ke fitar da ruwan jima. Na bi ta da ido har ta shige ƙarƙashin kwalbati.

"To yaushe zan dawo, Hajiya?"

"Ka leƙo gobe, ina nan ina dubawa."

Jummai mai kunu, da na ba ta labari, ta ce ba ni da imani. Na ce mata rantsuwa na yi zan sa masa a hannu, kuma na sa. Yanzu a ƙarƙashin rumfar get nake suya. Sabon mai gadin ba ruwansa.